Bencin Jikin Bango

Na daɗe ina koyar da lissafi, amma ban taɓa yin da-na-sanin yara sun gane karatu ba sai bana.

Farkon zango aka tara mu malamai, wani jami'i daga ofishin ilimi ya yi ta zuba: wai mu daina cika allo da lambobi, mu riƙa kawo wa yara misali daga abin da suke gani da idonsu. Ya faɗa, ya sha lemonsa, ya shige mota. Ni aka bari da aji maƙil, ko wurin ajiye ƙafa babu, ga alli ana ba mu kamar magani.

Na gwada, wallahi na gwada. Na gunguro tayar keke don su ga yadda ake auna kewaye, suka ɓige da tsere. Na kawo guga da igiya, aka jiƙa min takalmi. Wata Litinin ina neman misalin da zan koya musu zanen hawa da saukar abu, sai idona ya faɗa kan bangon taga. Akwai wata tsaga a wurin, siririya kamar zare, ta taso daga ƙasa ta nufi rufi.

"Ku miƙo min rula," na ce.

Muka auna faɗinta, muka sa alamar fensir a inda ta tsaya. Kowace Litinin mu sake, sannan mu ɗiga ɗigo a gefen allo, inda na hana kowa gogewa. Abin mamaki, yaran nan suka kama! Har rige-rigen riƙe rula ake yi. Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaga kai ba, wani dogo a bencin baya da suke kira Sarkin Barci.

Wadda ta fi kowa zaƙewa ita ce Tsinke, 'yar ƙanwata. A gida Kawu take ce min, a aji Malam. Wurin zamanta a bencin jikin bangon ne, bencin da ake faɗa a kansa saboda iskar taga da wurin jingina. Ita ce ta fito wata rana ta ɗora rula a kan ɗige-ɗigen, ta ja layi ya wuce na ƙarshe, ya yi sama.

"Malam, in ta ci gaba haka, kafin ruwa ya ɗauke ai hannuna zai shige."

Raina ya yi fari tas. Har tafi na sa aka yi mata. Sai da na juya na dubi bangon, na dubi kawunan da ke ƙarƙashinsa, sannan na gane abin da layin yake nufi.

Na je wurin shugaban makaranta, na jawo shi ya gani. Mutumin kirki ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, ina zan kai su? Nuna min ɗaki ɗaya da ba kowa."

"Ko gindin bishiya ne, ranka ya daɗe."

"Da ruwan nan? Kuma masu duba makarantu suna tafe, su tarar da aji a waje? Na kai kuka sama ba sau ɗaya ba. Bari dai in ga abin da zan iya."

Abin da ya iya, na gan shi bayan hutun ƙarshen mako. An kawo birkila ya cusa siminti, an bi da farin fenti. Babu tsaga, babu alamun fensirinmu. Masu dubawa suka zo suka yaba da tsabtar ajin, ɗayansu har ya ce zanen da ke allo irin koyarwar da ake so ke nan. Na ce na gode. Me zan ce?

Da yamma sai ga ƙanwata a ƙofar gidana, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, yarinyar nan ta ƙi cin abinci. Ta ce shafe tsagar bangon ajinku aka yi, ba tsayawa ta yi ba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To ka ɗauke min ita daga wurin. Ita kaɗai gare ni, ka sani. In ba ka yi min wannan ba, kawuntakar me kake?"

Washegari an kwana ana ruwa. Na shiga aji na tarar da 'yan bencin bango sun takure a gefe guda, kowa yana janye kafaɗarsa kada ta taɓa fentin. A kan farin, in ka matsa kusa, wani siririn layi ya fara fitowa. Su ma sun gani. Ni na koya musu duba shi.

"Tsinke, kwashi jakarki ki dawo bakin ƙofa."

Ta miƙe a hankali, amma ba ta taka ba.

"Malam, wa zai dawo nan?"

Na duba ajin. Babu sarari ko na mutum ɗaya. In ta tashi, dole wani ya matsa can. Na bi fuskokinsu, kowa ya sunkuyar da kai. Da can da na ce wa ke so, sai an ba hammata iska. Yanzu duk sun iya karanta layi. Na ji na tsani allon, na tsani rular, na tsani ranar da idona ya kai kan bangon nan. Ilimin da na ba su bai tsinana musu komai ba sai tsoro.

Sai hannu ɗaya ya tashi daga baya. Sarkin Barci ne, yana murza ido, yana murmushi don yau sa'a ta faɗo masa.

"Ni, Malam. Can akwai wurin jingina."

Na buɗe baki. Sai fuskar ƙanwata ta faɗo min a rai. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Ya ɗauki jakarsa ya ratso tsakanin bencuna, yara suna kauce masa ba mai kallonsa. Ya zauna, ya jingina kansa da farin fentin, ya lumshe ido.