Bunsurun Biki da Idon Seu Otacílio

"Ku ɗaga ta hagu, za ku zubar da ni kamar buhun wake!"

Mutum huɗu ne ke hawa matakalar soro da tsoho Seu Otacílio a kan kujerarsa. Benvindo maƙwabcinsa ne ta ƙasa, inda duk nauyin ya taru. Dalva, 'yar tsohon, na biye tana faɗa.

"Baba, likita fa cewa ya yi ko tsakar gida kada ka fita!"

"Shi likitan ya taɓa ganin duniya daga sama?"

Gobe bikin jikarsa, ga bunsurun da za a yanka ya tsinke igiya, an karaɗe unguwa an rasa. Shi kuwa tsohon, a yaƙin duniya na biyu a Italiya aikinsa ke nan: ya zauna bayan matuƙi cikin ɗan jirgi mai jikin yadi, ko bindiga babu, yana leƙen maɓoyar igwar Jamusawa, yana gaya wa sojojin ƙasarsu Brazil da ke ƙasa inda za su harba. Shi ya sa ya ce a hau da shi soro ya hango bunsurun.

Suka dire shi suna haki.

"To ga gari, ranka ya daɗe. Ina bunsuru?" in ji Benvindo.

"Ba a neman abu, ɓarnarsa ake nema. Mu sawun taya muke bi a kan ƙanƙara." Tsohon ya kare ido da tafin hannu. "Bayan coci. Shanyar Dona Zefa na ƙasa, ita kuma ta ɗaga tsintsiya. Sauka, mai tumbi!"

Benvindo ya ruga. Muryar tsohon ba ta kaiwa nesa, sai ga Dalva mai faɗan nan ta zama rediyonsa.

"Ka wuce! Dawo kaɗan! Hagu ya ce, Seu Benvindo, hagunka ta cin tuwo ce?"

Mata suka leƙo ta taga suna ƙyaƙyatawa. A lambun limamin cocin Benvindo ya damƙe bunsurun, bakinsa cike da fure. Ya ɗaga igiyar sama don a gani daga soro.

Da ya hawo yana zufa, ya tarar Dalva ta durƙusa, hannun uban a cikin nata.

"Ya gani," ta ce. "Ya yi dariya har da hawaye, wai a ajiye masa hanta."

Tsohon ya riga ya cika, ba ta rufe masa ido ba tukuna. Benvindo ya cire hula ya zauna a gefen kujerar. Su uku suna fuskantar jajayen rufin garin, hayaƙin girkin rana na tashi a hankali.