Kujeru Shida Daga Ɗakin Ciki

Dogo ba shi da wani aiki a gidan nunin zane sai jera kujeru da gwada lasifika, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse shi ya gina gidan. Yau mai zane za ta yi bayanin aikinta. An ce masa mutum arba'in, sai ga jama'a har bakin ƙofa.

Shugabar gidan ta harare shi. "Mutane a tsaye, Dogo?"

Ya leƙa ɗakin ciki, inda aka baje kayan nuni. Ga kujerun katako shida a jere, ba igiya, ba takardar kar a taɓa. Ya kwaso su ya yi layin gaba. Mafi kyau ya ba yayarsa, wadda ya gayyato da kansa, da cikinta wata takwas.

"Zauna, Yaya. Na cikin ma ya saurara, kar ya ɗauko kan ubansa."

"Zan ci mutuncinka a gaban mutane," ta ce, ta zauna da ƙyar.

Mai zane siririya ce, ba ta ɗaga murya. Ana minti ashirin da farawa ta ce, "Aikin da ya fi ba ni wahala shi ne kujerun ɗakin ciki. Kowace na yanke ƙafafunta da zarto, na bar ɗan kaɗan, na rufe da fenti. Ido ba ya gani. Za ta ɗauki mutum na ɗan lokaci, sannan..." Ta tafa hannu sau ɗaya.

Jama'a suka gyaɗa kai irin na masu fahimta. Yaya ma ta gyaɗa, ta gyara zama. Kujerar ta ce ƙiii.

Dogo ya dubi Shugaba. In ya yi magana, aiki ya tafi. Ya dubi cikin Yaya.

"Layin gaba!" ya ce. "Don Allah ku tashi, a hankali!"

Aka fashe da dariya. Wani mai tabarau ya ce, "Ai cikin shirin ne," ya jingina da baya.

Dogo ya tsallake mutane, ya kama Yaya ta hammata ya ɗaga ta cak.

"Ka haukace ne?" in ji Yaya.

Mai zane ta daina magana, idonta na kan ƙafafun kujerun. Shugaba ta miƙe, ta nuna wa Dogo ƙofa da yatsa. Sauran biyar ɗin kuwa suna zaune suna murmushi, suna jiran ci gaban wasa.