Giram Tamanin na Waken Ya Kellu

Saƙon ya shigo wayar Dakta Rahima Mahfuz ranar Litinin da hantsi, tana tsaye a ƙofar ajin da ɗalibanta ke rubuta jarrabawa, a kwalejin da take koyar da aikin gona a Gashuwa. Layi huɗu ne. Ɗakin gwaji na kamfanin jigila ya sami burbushin maganin ƙwari a jikin waken da ta aika. Ba za a ɗora shi a kumbo ba. An ba ta kwana tara ta kawo wani mai tsabta daga irin nan dai, in ba haka ba gurbinta ya koma hannun wanda ke biye da ita a jerin.

Ta karanta sau biyu, ta mayar da wayar cikin jaka. Sai da aka gama jarrabawar ta tattara takardu ta kai ofis, sannan ta hau Keke Napep zuwa tashar motar Nguru.

Shekara uku ta yi tana neman gurbin nan. Gwamnatin da ta fi kowa kaso a tashar sararin samaniya ta daɗe da daina kai kaya can da kanta. Kwangila take ba kamfanoni masu zaman kansu, su kai abinci da kayan aiki da 'yan sama jannati, ita kuma ta biya. A cikin wurin da ta saya a kumbon kaya na bana, wata ƙungiyar jami'o'i ta sami aljihu guda wanda bai fi akwatin takalmi ba, ta raba shi ga masu bincike daga ƙasashen da ba su da roka. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu suka nema, aka ɗauki goma sha huɗu. Rahima ce ta goma sha uku. A watan Afrilu ƙungiyar ta rubuto cewa an rage tallafin, tafiye-tafiye sun ragu, kuma daga wannan tafiyar ƙungiyar ba za ta ƙara samun wuri ba.

Abin da Rahima za ta tura wake ne, ƙarami, ja-ja, mai nuna cikin kwana hamsin da biyar ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ana son a ga yadda zai tsiro a inda babu nauyi. Mutum ɗaya ce ta rage tana shuka shi, wata tsohuwa Ya Kellu, a wani ƙauye arewa da Nguru. A tulu take ajiye irin, cikin toka da yashi, ta liƙe bakin da laka. Kwano ɗaya ne duka. Giram tamanin ake buƙata, rabi a kai sama, rabi a shuka a ƙasa don a kwatanta, kuma tamanin ɗin daidai Rahima ta karɓa. Ta ji nauyin ɗibar fiye da haka daga irin shukar tsohuwa.

Sharaɗin a rubuce yake da manyan baƙaƙe: kada magani ko ɗigo ya taɓa irin. Mutane ne za su buɗe akwatin da hannu su ba shi ruwa, kuma iskar da ke cikin tashar ita ce suke ta shaƙa wata da watanni, babu taga. Rahima da kanta ta kakkaɓe tokar, ta auna, ta liƙe leda biyu, ta sa a kwali, ta sa hannu a takardar shaida. Motar masu kai saƙo Kano daga Nguru take tashi, don haka ta bar kwalin a shagon kawunta, Alhaji Goni, ta koma bakin aiki. Daga baya ta ji cewa motar ta lalace, kwalin ya kwana biyar a shagon.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta sauka Nguru. Shagon yana layin 'yan wake, buhuna jere har rufi. Alhaji Goni ya haura shekara arba'in a sana'ar. Yana zaune kan benci da maƙwabcinsa Abbo, mai sayar da buhunan da babu komai a ciki.

"Ga Daktan sama nan," in ji Abbo. "Waken ya isa ne, ko yana hanya?"

"Ina wuni, Baba Abbo. Kawu, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yar nan. Yau ba makaranta?"

"Akwai. Kawu, kwalin da na bari, wani ya buɗe shi?"

"Ba wanda ya taɓa shi. Ni kaɗai."

"Ka buɗe?"

"Na buɗe, na gyara, na rufe. Da kyandir na liƙe ledar, ko ke ba za ki gane ba."

"Me ka gyara?"

Ya nuna wata roba a kan kanta, mai farar hodar maganin ƙwari har rabi. "Ɗan kaɗan. Bai kai kan cokali ba. Na girgiza ya shiga ko'ina."

Rahima ta zauna a kan buhu. "Na ce kada a taɓa shi."

"Kin ce kada a taɓa, ba ki ce a bar wa ƙwari ba. Kwana biyar wake yana zaune a layin nan tsirara? Ki tambayi Abbo. Da na bar shi, kafin ya kai Kano ya zama gari."

"Gaskiya ne," in ji Abbo. "Ƙwarin layin nan ko ƙarfe suka samu sai sun gwada."

"A liƙe yake, Kawu."

"Ƙwan ƙwari a ciki yake tun daga gona. Ke kika yi karatun, ni zan faɗa miki? Wanda zai je Onica ma ban taɓa bari ya fita haka ba, balle wanda zai bar duniya."

Ta fito da wayar ta fassara masa saƙon, layi bayan layi. Ya saurara yana kallon robar.

"Su wanke mana," ya ce.

"Ba sa wankewa. Sun riga sun ƙona shi."

"Sun ƙona wake?"

"Haka dokarsu take."

"To me ya sa ba ka gaya mata ka zuba ba?" Abbo ya tambaya.

"In na share shago ina gaya wa mutane ne?" Alhaji Goni ya gyara hularsa. "Mu nan shekara nawa muna ci. Su waɗanne irin mutane ne aka tura can, da kan cokali zai kayar da su?"

Ta ce a kira mata mai babur zuwa ƙauyen Ya Kellu. Ya ce shi zai kai ta da motarsa.

Tafiyar minti arba'in ce a kan yashi. An yi ruwa sau biyu a makon da ya wuce, gero ya fito ya kai tsawon yatsa a gonakin da ke gefen hanya. Rahima tana kallonsa. Ta san me ke biyo bayan ruwa na biyu: shukar wake.

Ba su sami Ya Kellu a gida ba. Tana gona, bayan gari, zaune a inuwar aduwa da buta a gefenta. Ita da Alhaji Goni suka gaisa da Kanuri, sannan suka koma Hausa saboda Rahima.

"'Yata, har sun dawo da shi?"

"Bai tafi ba, Ya Kellu. An sami matsala. Na zo ne ko akwai saura a tulu."

"Tulu na wanke shi ranar Juma'a."

"Duka kika shuka?"

"Me zan ajiye wa? Ruwa ya sauka."

"Ko cikin tafin hannu bai rage ba?"

"Wanda ya rage mai huji ne, na ba kaji."

Rahima ta tambayi ranar da aka shuka. Alhamis. Kwana huɗu ke nan. Ta ce ko za a tona rami ɗaya a gani. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi Alhaji Goni, sannan ta tashi da ƙyar ta je tsakanin layin gero ta durƙusa. Da yatsa biyu ta tona. Ƙwaya uku ne a ramin, dukansu sun kumbura sun tsage, farar saiwa ta fito ta lanƙwasa ƙasa. Rahima ta ce a gwada can ƙarshen gona inda ƙasa ta fi bushewa. Aka tona biyu. Duk ɗaya ne. A na huɗu Ya Kellu ta mayar da ƙasa ta danna da tafin hannu.

"Ya isa haka. Kina buɗe musu ido."

"Ba wanda kika ba a garin nan?"

"Na ba matar liman shekara uku da suka wuce. Mijinta ya ce buhu ba ya cika da shi, suka dafa." Ta karkaɗe hannunta. "Me ya sami wanda na ba ki?"

Alhaji Goni ne ya amsa. "Ni na zuba masa hoda."

"Hoda a kan wakena?"

"Don kada ya lalace."

"Shekara hamsin yana cikin toka bai lalace ba, Goni. Sai da ya zo birni." Ta koma inuwarta ta zauna. "Ki dawo da kaka, 'yata. In Allah ya kai mu, kwano guda zan ba ki, ba ɗan wancan da kika auna kamar zinariya ba. Su jira wata biyu."

"Ba sa jira."

"Motar ba ta komawa ne?"

"Tana komawa. Mu ne ba za a ƙara ɗauka ba. Gwamnatin da ke biya ta rage."

"To," in ji Ya Kellu. "Gwamnatin can ma haka take."

A hanyar dawowa Alhaji Goni ya tsayar da motar kafin su hau kwalta. Bai kashe injin ba.

"Akwai ja-ja ƙarami da matan Karasuwa ke kawowa," ya ce. "Zan sa a samo wanda ba a taɓa sa wa komai ba, daga rumbu kai tsaye. Gobe da azahar yana hannunki. In aka zuba su a faranti ɗaya, Ya Kellu da kanta sai ta duba sau biyu."

"Ba shi ba ne."

"Wa zai sani a can?"

Ta san waken da yake nufi. Kwana saba'in yake yi, kuma in ruwa ya yi fashin mako biyu yana zubar da fure. Ta kuma san cewa ɗakin gwajin magani kawai yake nema, ba ya tambayar asalin iri. Kwali zai wuce. Sunanta zai hau jerin kayan, da sunan kwalejin, da sunan Gashuwa. Shugaban kwalejin ya riga ya faɗa a taron yaye ɗalibai, an tafa.

"In ya tsiro, zan rubuta cewa na Ya Kellu ne ya tsiro," ta ce. "In ya mutu, zan rubuta cewa nata ne ya mutu. Duk wanda ya karanta zai ɗauka haka ne. Kuma ba wanda zai sake zuwa ya gyara."

"To ki gaya musu gaskiya, ki ce wani ne."

"Irin Ya Kellu kaɗai suka amince da shi. Sauya shi sabuwar takarda ce, wata shida."

"Shi ke nan sai a bar wurin a banza?"

"Ba a banza ba. Akwai mai jira."

Ya sa giya. Suka shiga Nguru. A bakin tasha ya ce ta kwana gida, matarsa ta yi tuwo. Ta ce tana da jarrabawa ƙarfe takwas na safe. Ya zagayo ta gefenta ya tsaya, hannunsa a kan ƙofar motar.

"Rahima, ni gyara na yi niyya."

"Na sani, Kawu."

Ba ta aika amsa a ranar ba. Ta yi amfani da kwanakin. Ta kira tsofaffin ɗalibanta biyu da ke aikin malaman gona a yankin, suka bi ƙauyuka goma sha ɗaya da hoton waken a waya. An sami mutum ɗaya kusa da Jajimaji da ya ce yana da shi. Da aka kawo, gauraye ne da wasu iri uku, kuma yana warin maganin ƙwari na fiya-fiya. Ta rubuta wa ƙungiyar tana neman a ɗaga mata zuwa ƙarshen Satumba. Aka amsa cikin ladabi cewa ranar rufe akwatin ba a hannunsu take ba, tana cikin kwangilar da ke tsakanin gwamnati da kamfanin.

Ranar Talata, kwana na takwas, ta zauna a ofis bayan azahar ta buɗe takardar janyewa. Shafi ɗaya ce. A wurin dalili akwai zaɓi biyar, ta zaɓi na uku: samfur ya gurɓata kafin miƙawa. Akwai fili a ƙasa na ƙarin bayani, ta bar shi babu komai. Ta sa hannu ta tura ƙarfe biyu da minti goma.

Amsa ta zo kafin la'asar. An karɓi janyewarta, an gode. Gurbi na goma sha uku ya koma ga wata jami'a a kudancin Asiya, da za ta tura irin alayyafo.

Ta buga takardar ta sa a fayil. Sannan ta rubuta wa shugaban kwalejin wasiƙa mai sakin layi biyu, ta ba masinja ya kai. Sakatariyarsa ta kira bayan rabin awa, ta ce yana son ganinta gobe ƙarfe tara, kuma ta zo da bayanin wanda ya yi laifin. Rahima ta ce za ta zo, kuma sunanta ne a kan takardar shaida.