Kalmar da Ta Hana Don Anacleto Tafiya

"Ba haka ba ne, Petrona, sake faɗa," in ji Don Anacleto, alhali numfashi ma da ƙyar yake fita.

Shekara goma sha tara maƙwabcin nan nawa yana fassara Littafi Mai Tsarki daga Helenanci zuwa yarenmu na Kiche, ni ce kuma ma'auninsa. Ko harafi ɗaya ban sani ba, shi ya sa ya zaɓe ni: ya karanta, in maimaita da bakina, in na kauce ya san fassarar ce ta gaza. Wainar masara nawa na ƙona saboda mutumin nan, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu asibiti sun sallamo shi ya mutu a gida, gurbi ɗaya ya rage a takardunsa: abin da wani uba a cikin Littafin ya ji da ya hango ɓataccen ɗansa yana dawowa daga nesa. Ranar Asabar mutanen birni masu buga Littafin za su zo karɓar aikin, in sun tarar da gurbi "tausayi" za su rubuta. Shi kuwa ya rantse tausayi na karen da mota ta buge ne. Kalmar asali, splankinizomai, a hanji take zaune, ba a ka ba.

Na kawo masa kalma biyar, duk ya ƙi. Haushi ya kama ni, na ce ya sha kununsa ya ƙyale ni.

"Ranar da ɗanki Baltazar ya sauko daga mota bayan shekara bakwai yana ci-rani a ƙasar waje, me kika ji?"

"Me zan ji? Cikina ne ya murɗa, irin ta ranar da na haife shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce kada ya soma, wannan kalmar mata ce, ta naƙuda, ba a faɗarta a kan namiji.

"Uban ma haihuwarsa ya sake yi. Micaela, rubuta."

'Yarsa ta rubuta. Ranar Juma'a da hantsi Don Anacleto ya cika, na yi kuka kamar wana ne.

Da suka zo Asabar na tsaya a bakin ƙofa, na shirya faɗa. Babbansu ya karanta layin a tsakar gida, ya sake karantawa. Bai ɗauki alƙalamin gyara ba. Tafin hannunsa kawai ya ɗora a kan cikinsa.