Baƙar Laka a Ƙarƙashin Keji

"Ƙara musu abinci za ka yi, Yaya? Kifin da ke neman numfashi?" in ji Rusdin.

Daeng Tompo bai ko ɗago ba. Ya ci gaba da watsa yankakkun ƙananan kifaye cikin kejin ragar da suke kiwon kifi a teku, yana cewa marar lafiya ma sai ya ci yake tashi, kuma ba ƙanin bayansa ne zai koya masa kiwo ba.

Rusdin ya kasa tsayawa wuri guda. Ya je ƙarshen katakon da ke yawo kan ganguna, ya dawo, ya sake komawa. Manyan kifayen nan da suka raina tun suna kamar ɗan yatsa sun taso sama, baki buɗe. Abincin na wuce su yana nutsewa.

Ya cire riga ya faɗa teku. Da ya fito, ya dangwara wa yayansa abin da ya damƙo daga ƙasa: baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ragowar abinci da kashin kifi na shekara da shekaru. Ya ce ƙasar nan ta mutu, tana kuma jan kifin zuwa mutuwa. Dole a kwance igiyoyi, a ja kejin zuwa bakin tsibiri inda ruwa ke gudu, a bar nan ya huta.

Daeng Tompo ya ce dutsen da ke riƙe da kejin, Baba ne ya saukar da shi da hannunsa, da farar shinkafa da addu'a. A gidansu ba a ɗaga dutsen uba.

"To, ka soya dutsen ka ba yaranka," in ji Rusdin.

Wani kifi ya juya ciki sama.

Daeng Tompo ya murza lakar a yatsunsa, ya shinshina, ya daɗe. Sannan ya miƙe ya kama igiyar farko. Rusdin ya yi tsalle cikin kwale-kwale zai tada inji.

Sai ya ga yayan ya tsaya yana kallon bakin tsibirin. Can, daidai inda ruwan ke gangarawa, goggonsu Saribanong na sunkuye kan igiyoyin da take noman ciyawar teku a jikinsu, abin da take ci da shi tun rasuwar mijinta. Ciyawar da ruwa mai datti ke ruɓarwa.

"In mun koma can," in ji Daeng Tompo a hankali, "ƙazantarmu kan wa za ta sauka?"