Macijin Kumezo Bai Samu Ido Ba

Ranar sha tara ga watan farko, busasshiyar iskar arewa ta tashi tun da sassafe. Kwana arba'in rabon birnin Edo da ruwa. Kumezo, mai riƙe tutar 'yan kashe gobara na unguwar masu katako, yana kwance ruf-da-ciki a tabarmar Baba Ginpachi mai jarfa, ya cije tsumma, allura na shiga fatarsa tana fita.

Shekara biyu ke nan yana zuwa. Zanen ryu ya riga ya cika masa baya, macijin nan mai ƙaho da gemu da ke mulkin ruwa da gajimare, jelarsa a cinya, kansa a kafaɗar dama. Duk ɗan kashe gobara na son a zana masa shi, don wuta na shakkar mai ruwa. Idanu kaɗai suka rage, gurabe biyu farare.

"Baba, yau dai za a sa masa ido ko?"

"Ba yau ba."

"Haba Baba, ɗigo biyu ne fa. Ko ni zan iya."

"To juyo da bayan naka gaba ka yi mana." Tsohon ya goge tawada. "Ido shi ne ƙarshe, a ranar da aka duba, bayan an yi wanka an miƙa hadayar giyar shinkafa. Ranar yake samun rai. Sai ashirin da biyar ga wata."

"To kafin nan fa? Yana aiki ko ba ya yi?"

"Ni zane nake yi, yaro. Tashi ka je ka shiga ruwan zafi, launi ya zauna."

Tambayar ta bi shi har gidan wanka. Yana tuɓe riga abokin aikinsa Tomekichi ya ɗaga murya daga cikin tururi.

"Jama'a, a ba da hanya, ga mai makahon maciji! Kumezo, ka saya masa sanda mana."

"Kai da naka ke da ido, ya taɓa kawo maka ruwa?"

"Shekara shida ko gashin girata bai ƙone ba."

"Yo ai kullum kana ƙasa riƙe da tsani, ta ina zai ƙone?"

Aka kwashe da dariya. Shi dai Kumezo da gaske yake tambaya. Makaho ai yana jin wari, yana jin zafi. Idan ryu ya ji wuta a jikinsa, zai tsaya jiran ido?

Rana na tsaka ƙararrawar gobara ta buga. Wuta ta tashi daga shagon mai sayar da man fitila, iska ta kwashe ta zuwa kudu. Kumezo ya tsoma rigarsa mai kauri a ruwa, ya sa, ya hau rufin gidan da shugabansu ya nuna, ya kafa tuta. Nan ne iyakar da za a tare wutar. Sauran za su rushe gidajen da ke gaba da ƙugiya, shi kuwa ba ya sauka sai an ce ya sauka.

Daga can sama ya hango wani ɗan gajimare a kan teku, baƙi, shi kaɗai. Ya ce a ransa, wataƙila rigar nan ce ta rufe ryu, bai san abin da ake ciki ba. Ya riƙe tuta da hannu ɗaya, ya zare rigar, ya juya wa wuta baya.

"Kai mahaukaci!" in ji Tomekichi daga gindin tsani. "Mayar da rigarka!"

"Tsaya, ina duba wani abu ne!"

Wani abu ya sauka a kafaɗarsa ta dama. Da farko sanyi ya ji, har ya yi murmushi, ya ɗaga kai yana neman ɗigo na biyu. Sai ya ji ƙaurin fata. Guntun katakon rufi ne mai ci da wuta, ya manne. Tuta ta suɓuce masa, Tomekichi ya hau ya sauko da shi a kafaɗa yana zaginsa har ƙasa.

An ci ƙarfin wutar kafin la'asar. Washegari aka yi ruwa.

Bayan wata guda ya koma wurin Baba Ginpachi. Tsohon ya shafa wurin ƙunar da yatsa.

"Tabo ba ya riƙe tawada."

"Ko kaɗan, Baba?"

"Ko kaɗan."

Kumezo ya ce, "Amma dai washegari an yi ruwa."

"An yi. Har a garuruwan da ba su san ka ba. Sa rigarka."

A gobarar an rasa gidaje sittin da huɗu, rumbun shinkafa biyu, doki ɗaya da tutar unguwa. Ba a rasa rai ba. Kumezo ya rasa rigarsa mai kauri, da matsayinsa na kan rufi, da kan ryu tun daga ƙaho har gemu.