Tagar Alhamis

Sau bakwai aka karanta wa Mama labarin Ayuba a wata guda. Na ƙirga, don ni ke ɗauke kofunan shayi bayan masu gaisuwa sun watse. Kowa ya shigo da Littafi a hammata da fuskar jana'iza, ya yi wa'azinsa ya tafi, ba wanda ya tsaya ya karanta abin da take rubutawa a ƙaramin allonta.

Shekara ashirin da biyu Mama tana jagorantar mawaƙan cocinmu, kafin likita ya cire mata maƙogwaro ya tafi da muryar. Gidanmu a bayan coci yake. Kowace Alhamis da ƙarfe huɗu, lokacin da mawaƙa ke koyon waƙa, sai ta buɗe taga ta zauna. Daga cocin kuwa, shiru. Biyar na yi ta rufe, ranar kuma ko abinci ba ta taɓawa. Ina gani tana ramewa, raina na ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa.

Alhamis ta huɗu ta miƙo mini allon: "Sun daina ne saboda ni?"

Ko takalmin kirki ban sa ba na nufi shagon Tela, wadda aka ba jagorancin.

"Anti, ina mawaƙanku suka shige?"

"Ayya, 'yata, gidana muka koma. Mun ga idan ta ji mu, ciwon zai dawo mata sabo. Tausayi ne."

"Tausayinku ya kusa kashe ta! Kun tambaye ta?"

Ta tsayar da keken ɗinki. Ba su tambaya ba. Har taro suka yi a kanta, da addu'ar buɗewa da ta rufewa, amma taku goma zuwa ƙofarmu ya gagare su.

Alhamis ta gaba suka dawo coci. Suka fara a hankali kamar masu satar hanya, muryoyi na rawa. Na tsaya bayan Mama gabana na faɗuwa, don idan Tela ce ke da gaskiya ban san inda zan sa kaina ba. Hawaye ya zubo wa Mama. Ta jawo allo ta rubuta: "Muryar tawa ce, Ubangiji ya karɓa. Yabon nasa ne, ba su da ikon rufe shi."

Suka shiga baiti na biyu, sai na ga ta haɗe rai. Ta goge allon da gefen hannu, ta rubuta da manyan baƙaƙe: "GUDU SUKE YI DA WAƘAR."

Ta fizgi cokali daga kwanon da ta ƙi taɓawa tun rana, ta shiga buga ƙarfen taga, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Can cikin coci waƙar ta yi tuntuɓe, ta tsaya. Sannan mutum talatin suka sake ɗauka, suna bin cokalin Mama.